Kukan da ya maƙale a maƙogwaro: shin murya na iya sauke shi?

Tambaya: Wata bakwai ke nan da rasuwar mahaifiyata. Ni ce babba a ɗakinmu, ni na tsaya kan komai lokacin zaman makoki, kuma har yau ban yi kukan kirki ba. Kullum ina jin wani abu ya tokare min maƙogwaro, ƙirjina ya yi nauyi, abu kaɗan sai in hau yara da faɗa. Na ga bidiyoyi a waya ana cewa mutum ya danna fuska cikin matashi ya kurma ihu, wai damuwar za ta fita. Gaskiya ne? In akwai hanyar da ta dace, yaya ake yi?

Amsa: Allah ya jiƙan Mama, ya kyauta makwancinta, ya ba ku haƙurin wannan rashi. 'Yar'uwa, abin da kike ji a maƙogwaro da gaske yana nan, ba raya miki ake yi ba. Wanda ya tsaya kan hidimar makoki, shi ke tarbar masu gaisuwa, shi ke lallashin ƙanne, shi ke lissafin abinci, yawanci shi ne ke ajiye nasa kukan sai an watse. In an watse kuma sai kukan ya ƙi zuwa. Murya tana taimakawa wajen kwance wannan ƙulli, amma ba ta hanyar da bidiyoyin nan suka nuna ba. Sautin da ke aiki shi ne mai laushi, mai tsawo, wanda ko na ɗakin kusa da ke ba lallai ya ji ba.

A cikin maƙogwaro akwai wasu 'yan tantani guda biyu, a mace tsawonsu bai kai santimita 2 ba. Su ne iskar huhu ke kaɗawa ta zama murya, wajen sau 200 a sakan ɗaya in mace na magana, a namiji kuma ɗari da 'yan kai. Tsokoki ne suka kewaye su ta ko'ina, daga tushen harshe zuwa muƙamuƙi zuwa wuya. Lokacin da kuka ya taso miki a gaban mutane kika danne shi, ga abin da jikinki ya yi: kin riƙe numfashi, kin cije haƙora, kin tura harshe baya, kin haɗiye yawu. A daidai lokacin nan jikin da ke cikin tashin hankali yana son buɗe maƙogwaro don iska ta shiga da yawa, haɗiya kuma tana son rufe shi. Wannan ja-in-ja na tsokoki shi ne gudan da kike ji. Wanda ya maimaita haka sau goma a yini na tsawon makonni, tsokokin sukan saba da ɗaurewa, ko babu kowa a ɗakin ba sa saki. Likitoci sun daɗe da sanin wannan, kuma alamarsa ita ce an fi jin sa in ana haɗiye yawu, amma abinci da ruwa suna wucewa lafiya, har ma yakan lafa lokacin cin abinci.

Ki auna kanki da wannan alamar kafin komai. In loma tana tsaya miki, ko haɗiya na yi miki zafi, ko kina ramewa ba dalili, ko akwai kumburi a wuya, ko muryarki ta dushe fiye da mako uku, to likitan kunne, hanci da maƙogwaro za ki fara gani. Ƙwannafi da maƙoƙo ma suna kawo irin wannan tokarewar. Nauyin ƙirjin da ke ƙaruwa in kina tafiya ko hawa bene, ko yake zuwa da haki da gumi, shi ma na asibiti ne a ranar, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga.

Maganar ihu ta samo asali ne daga tunanin cewa baƙin ciki kamar ruwa yake a tulu, in an tuntsurar da shi ya ƙare. Wani mai ilimin halayyar ɗan Adam a Amurka, Arthur Janov, ya yaɗa wannan a wajen 1970, mutane suka yi ta shiga ɗaki suna kururuwa, amma har yau hanyar ba ta samu karɓuwa a wurin masu bincike ba. A 2002 Brad Bushman ya gwada irin wannan tunani da ɗalibai 600. Aka fusata su, aka ce wasu su naushi buhun dambe suna tuna wanda ya ɓata musu rai, wasu kuma su zauna shiru na minti biyu. Waɗanda suka yi naushin su suka fi fitowa da fushi. A 2024 aka tattara bincike 154 da suka shafi mutum sama da 10,000, sakamakon ya nuna abin da ke sanyaya jiki shi ke rage fushi, abin da ke ƙara zafafa shi kuma ba ya ragewa. Sauƙin da ake ji bayan ihu galibi gajiya ce. Ga kuma lahani: ihu yana gwara tantanin nan biyu da ƙarfi, su kumbura, wani lokaci har ƙaramar jijiyar jini ta fashe a cikinsu. Da hunturu, lokacin da ƙura ta riga ta busar da maƙogwaro, abin ya fi muni. Ni ba na ba kowa shawarar ihu a matashi, balle mai wata bakwai tana ɗauke da gudan kuka.

Sauti mai tsawo kuwa aikinsa ta numfashi yake bi. Duk lokacin da mutum ya shaƙi iska zuciya takan ɗan ƙara sauri, in yana fitarwa ta ɗan rage. Mai wannan ragewar wata doguwar jijiya ce da ta fito daga ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta sauka ga zuciya, huhu da hanji, kuma reshenta ne ke motsa tsokokin murya. Babba yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. In kika rufe baki kika ja sauti, iskar ba ta da hanyar fita da sauri, dole ta fita a hankali, sai numfashin ya sauko zuwa wajen sau 6 a minti ba tare da kin ƙirga komai ba. A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, ya auna mutanen da ke maimaita addu'ar cazbin Katolika da Latin da kuma wani wuridin 'yan yoga, ya tarar duka biyun suna saukar da numfashi zuwa kusan sau 6 a minti, tare da daidaita bugun zuciya. Ba daga kalmomin abin ya zo ba, daga tsawon jimlar da ake faɗa a numfashi ɗaya ne. Jikin da ya sauko haka shi ne ke barin kuka ya wuce. Muryar tana sassauta mai gadin ƙofa ne, abin da ke ciki kuma shi zai fito da ƙafarsa.

Ki zaɓi lokacin da babu mai nemanki na minti 15, misali bayan yara sun tafi makaranta ko bayan la'asar. Makon farko kada ki yi dab da kwanciya barci, don abin da ya taso na iya hana ki runtsawa. Ki ajiye ruwa mai ɗumi kusa, ki sha rabin kofi kafin ki fara. Ki zauna kan tabarma ko kujera, bayanki ya jingina, tafin ƙafa a ƙasa. Ki sassauta ɗaurin zani da na ɗankwali. Hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙasan haƙarƙari. Idanunki a buɗe suna kallon wani abu a ƙasa ya fi a rufe, aƙalla da farko.

Ki fara da ajiyar zuciya, wadda jikinki ya riga ya iya. Ki shaƙa ta hanci, kafin ki saki ki ƙara ɗan ƙaramin shaƙa a kai, sannan ki saki ta baki a hankali har ta ƙare. Irin numfashin nan ne yaro ke yi bayan ya gama kuka. Masu bincike a jami'ar Stanford sun gwada shi a 2023, minti biyar kullum na wata guda, kuma ya kyautata yanayin waɗanda suka yi. Ke sau biyar ya ishe ki a nan. A na huɗu da na biyar ki bar ɗan sauti ya biyo iskar, kamar nishin wanda ya sauke kaya daga ka. Ki yi hamma in ta zo, ki ma jawo ta da gangan, domin hamma tana saukar da maƙogwaro ta buɗe shi.

Sai gunna. Duk wanda ya yi tajwidi ya san ta, sautin nan da ke fita ta hanci a kan mimun ko nunun mai shadda. Leɓe a haɗe ba tare da matsawa ba, haƙoran sama da na ƙasa kada su taɓa juna, harshe kwance, kansa na taɓa bayan haƙoran ƙasa. Ki shaƙa ta hanci na wajen sakan 4, ki ja "mmm" na sakan 6 zuwa 8, a muryar da kike cewa "to" in ana ba ki labari, ba sama ba ba ƙasa can ba. Ki tsaya tun iska ba ta ƙare ba. Abin da kike nema shi ne kaɗawa a leɓe, a hanci da kumatu, har ta ɗan yi miki ƙaiƙayi. In a wuya kike jin aikin, kina matsawa ne, ki rage ƙarfi da rabi. Ki yi sau 10 zuwa 12, wajen minti biyu ke nan, ki huta ki yi numfashinki na yau da kullum na rabin minti, ki sake wani zagaye. Kwana uku ko huɗu na farko iyakar aikin ke nan, ko da ba ki ji komai ya motsa ba.

Daga nan za ki fara buɗe baki. Ki fara da "mmm", a tsakiyar numfashi ki bar muƙamuƙi ya faɗi da nauyinsa sautin ya koma "aaa". Ki sa yatsu biyu a gaban kunne, inda muƙamuƙi ke motsi, ki murza a hankali yayin da kike yi. Ki bar sautin ya zame daga sama zuwa ƙasa kamar mai gangarawa. A nan ne yawanci abin ke faruwa: muryar za ta fara rawa, ko ta karye a tsakiya, haɓa ta yi ɓari, idanu su yi zafi. Abin da kika saba yi wata bakwai shi ne ki haɗiye ki gyara murya. Wannan karon kada ki haɗiye, kuma kada ki tura. Ki ci gaba da fitar da iska, sautin ya fita a karyensa. In shessheƙa ta zo, ki bar kafaɗu su girgiza, baki a buɗe. Kuka yakan zo ne kamar hadari, ya yi ƙarfi na 'yan mintuna, ya lafa, wataƙila ya dawo. In bai zo ba ranar, ba a yi asara ba, an dai sassauta tsokar da za ta bar shi wucewa wata rana, wataƙila kina tsakar wanke-wanke.

Akwai matakin da mutane ke tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi kowanne nauyi: sauti ya zama magana. Bayan kin lafa, ki faɗi jimla ɗaya ko biyu a bayyane, kunnenki ya ji. "Ina kewarki, Mama." "Na gaji." "Raina ya ɓaci da aka bar min komai ni kaɗai." Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Kalifoniya sun nuna a 2007 cewa sanya wa abin da ake ji suna yana rage motsin ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke kaɗa ƙararrawar tsoro. Mu kanmu muna cewa a amayar da abin da ke ciki. Ki lura da kalmar da ta fi ƙin fitowa. Sau da yawa a ƙarƙashin baƙin cikin rashi akwai fushi da 'yan'uwa, ko zargin kai cewa da an kai ta asibiti da wuri, ko tsoron zama babba ba uwa. Faɗan da kike yi wa yara kan abu kaɗan wataƙila daga nan yake fitowa.

Kada ki tashi kai tsaye ki shiga kicin. Ki rufe da gunna sau biyar, ki sha ruwa, ki wanke fuska, ki dubi ɗakin ki ambaci abu biyar da kike gani. Duka aikin minti 10 zuwa 15 ne, sau uku ko huɗu a mako. Kullum-kullum na awa guda yana gajiyar da murya da zuciya.

Abin da ya fi yawan lalacewa shi ne jiri da jin yatsu ko leɓe kamar ana soka musu allura. Dalilinsa shaƙa da yawa da sauri, wanda ke rage iskar da jini ke buƙatar ya riƙe. Maganinsa ki daina jan dogon numfashi, ki rufe baki ki numfasa ta hanci ƙanana-ƙanana na minti ɗaya. Tari da kaushin maƙogwaro na nufin ƙarfi ya yi yawa ko wurin ya bushe. Kada ki yi ta gyaran murya, kuma kada ki koma raɗa, domin raɗar da ake matsawa tana wahalar da tantanin. Ki sha ruwa, ki shaƙi tururin ruwan zafi na minti biyar, ki huta yini guda. Wata matsalar ita ce jiran kuka da ido a kai, ana auna ko ya zo ko bai zo ba. Mai sa ido haka ya riga ya ɗaure wuya. Ta ƙarshe kuma ta fi su muhimmanci: in sautin ya jefa ki cikin firgici, zuciya na dukan uku-uku, ko kika ji kamar kin fita daga jikinki, ko wani mummunan abu na da ya dawo kamar yanzu yake faruwa, ki tsaya nan take, ki miƙe, ki taka ƙasa, ki fita tsakar gida. Wanda ya ga kisa, ko aka sace shi, ko aka ci zarafinsa, bai kamata ya buɗe wannan ƙofa shi kaɗai ba. Mai juna biyu, mai asma da mai ciwon zuciya su tsaya kan gunna mai laushi, ban da riƙe numfashi.

Ranar da fushi ne ya fi yawa, kina jin kamar ki fashe, ga abin da ya fi ihu. Ki zuba ruwa rabin kofi, ki sa bututun shan lemo ya nitse kamar santimita 2 ko 3, ki hura kina "uuu" ruwan na ɓulɓula, sautin na hawa yana sauka, na minti biyu zuwa uku. Masu gyaran muryar mawaƙa da malamai suna amfani da wannan, domin iskar da ke komowa baya tana hana tantanin gwaruwa da ƙarfi. Za ki iya zuba abin da ke cinki a ciki ba tare da kin wahalar da maƙogwaro kamar yadda ihu ke yi ba, kuma dole fitar iskar ta yi tsawo.

Na san akwai abin da ke hana mutane da yawa, wato tsoron kada kuka ya zama rashin tawakkali. Abin da shari'a ta hana shi ne kururuwar makoki, marin fuska, yaga tufafi da maganganun ƙin ƙaddara. Hawaye ba sa ciki. Lokacin da ɗansa Ibrahim ke gargara, Annabi (SAW) ya zubar da hawaye, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. A Suratu Yusuf, aya ta 84 ta siffanta Annabi Yaƙub da wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin da yake haɗiyewa, a aya ta 86 kuma ya ce ga Allah kaɗai yake kai kukan damuwarsa da baƙin cikinsa. Ki yi wa Mama addu'a da murya, ba a zuci kawai ba. Tilawa a bayyane da tartili, ana cika gunna ana cika madda, ibada ce da niyyarta, ba atisaye ba, amma jiki yana samun rabonsa: maddar ƙarshen Fatiha mai haraka shida doguwar fitar numfashi ce. Kirista ma yana da wannan a waƙoƙin sujada masu jan sauti.

Iyayenmu mata sun san wani abu game da wannan tun kafin injin niƙa ya shigo unguwa. A kan dutsen niƙa da bakin turmi ne mace ke rera abin da kunya da kara suka hana ta faɗa, kewar gida, zafin kishiya, rashin ɗa. Jiki na aiki da kari, numfashi na bin taɓarya, magana na fita a waƙe, wata kuma na amsawa. Injin ya ɗauke wahalar, ya tafi da wannan filin. In akwai waƙar da Mama ke yi tana aiki, ko wadda ta yi muku ta reno, ki rera ta a hankali kina shara ko kina tsintar shinkafa. Ga mutane da yawa wannan yana buɗe abin da gunna ta mako biyu ba ta buɗe ba. In kuma kina da ƙanwa ko aminiya wadda za ta iya zama kusa da ke ba tare da ta yi saurin cewa "yi haƙuri, daina kuka" ba, ki gaya mata tun farko cewa zama kawai kike so ta yi.

Ki ba wannan mako huɗu. Alamar ci gaba ba yawan hawaye ba ce. Ki duba ko gudan ya fara sakin ki na wasu awanni, ko barci ya gyaru, ko kina iya ambaton Mama ki ƙarasa jimlar, ko yara sun daina kallon fuskarki kafin su yi magana. In bayan makonnin nan babu canji, ko kin fi mako biyu ba kya jin daɗin komai, ba ci ba barci, ko kin kasa hidimar gida da aiki, to ciwon damuwa ne ko baƙin cikin da ya zarce, kuma duka biyun ana maganinsu. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen masu ba da shawara. In tunanin cutar da kanki ya taɓa gifta miki, kada ki jira mako huɗun: ki gaya wa wani na kusa yau, ya raka ki asibiti.